Hujjar da ake ginawa mataki-mataki: tana rufa asiri da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wa wata ƙungiyar ajiya da lamuni manhaja. Muna so a ƙarshen shekara kowane mamba ya gamsu cewa jimillar kuɗin da aka sanar daidai take, ba tare da ya ga asusun ɗan'uwansa ba. Shige da ficen kuɗin ya kai dubban ɗaruruwa, kwamfutarmu kuma ba ta da wani ƙarfi. Na karanta cewa da Nova ana iya kafa hujja kaɗan-kaɗan. In na yi amfani da ita, asirin mambobi ya rufu ke nan? Kuma mene ne bambancinta da sa hujja cikin hujja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko a'a ce. Nova, wato tsarin kafa hujjar lissafi mataki-mataki, za ta raba ka da matsalar yawan aiki da ƙarancin ƙarfin kwamfuta, amma ba za ta rufa asirin kowa ba sai ka ƙara mata wani mataki da gangan. Abubuwa biyu ne suka daɗe suna tafiya tare har mutane suka ɗauka abu ɗaya ne: sauƙaƙa wa mai tantancewa aiki, da ɓoye masa bayani. Ina so ka raba su a ranka tun yanzu, domin a wajen gwama su ne kuɗi da mutuncin mutane ke salwanta.

Asalin hujjar da ba ta tona asiri yana cikin aikin Shafi Goldwasser da Silvio Micali da Charles Rackoff na 1985. Sharuɗɗa uku suka gindaya: mai gaskiya ya iya gamsar da mai tantancewa, maƙaryaci ya kasa, sannan mai tantancewa ya tashi bai ƙaru da komai ba illa sanin cewa maganar gaskiya ce. Babu batun gajarta a ciki. Gajarta daga baya ta zo, da irin hujjojin da ake kira SNARK, waɗanda ake duba su cikin ƙiftawar ido ko da lissafin da ke bayansu ya ci sa'o'i. Hujja tana iya zama gajera ta kuma tona asiri. Yawancin tsare-tsaren da ke tattara hada-hada su kai wa Ethereum, wato wani dandalin kuɗin intanet, irin su zkSync Era da Scroll da Linea, don gajartar suke amfani da hujjar, hada-hadar da ke cikinsu a fili take ga duk mai son gani, duk da kalmar zk, gajeren sunan hujjar da ba ta tona asiri, da ake kiransu da ita.

Bari mu fara da abin da ya kai ka ga Nova. In ka ɗauki tsari kamar Groth16, wanda Jens Groth ya fitar a 2016, za ka samu hujja 'yar ƙarama da ba ta kai bayit 200 ba. Sai dai dole ka mayar da lissafin shekarar gaba ɗaya ya zama da'ira guda, wato dogon jerin sharuɗɗan tarawa da ninkawa, ka loda shi duka cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a lokaci ɗaya. Girman da'irar ma sai an yanke shi tun kafin a fara. In wani mamba ya zuba kuɗi gobe, hujjar jiya ta tashi aiki, sai a sake daga farko.

Paul Valiant ne ya tsara mafita a 2008. Ka yanka lissafin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa aiki iri ɗaya take yi: ta karɓi halin da littafi yake ciki, ta shigar da 'yan hada-hada, ta fitar da sabon hali. Tare da kowane hali akwai hujja cewa duk matakan da suka gabata, tun daga na farko, an yi su daidai. Sharaɗin shi ne kada hujjar ta yi ta girma, kuma aikin sabunta ta a mataki na dubu ɗari kada ya fi na mataki na biyu. Ƙwaƙwalwar da kake bukata ta mataki ɗaya ce kawai. In wuta ta ɗauke a tsakiya, daga inda ka tsaya za ka ci gaba. A 2010 Alessandro Chiesa da Eran Tromer suka faɗaɗa tunanin ya wuce layi ɗaya miƙaƙƙe, ya zama rassa da yawa na iya haɗuwa, kowane da hujjarsa.

Hanya ta farko da aka bi wajen aiwatar da wannan ita ce wadda ka kira sa hujja cikin hujja. A kowane mataki da'irar tana aiki biyu: tana yin lissafin matakin, tana kuma tantance hujjar matakin baya gaba ɗayanta. Wahalar tana wajen na biyun. Hujjojin nan a kan lanƙwasar eliptik ake gina su, wato wani tsarin lissafi da ake amfani da shi wajen tsare sirri, kowace lanƙwasa kuma tana da filayen lambobi biyu mabambanta: da'ira tana aiki a ɗaya, tantancewa tana aiki a ɗayan. Kwaikwayon wani fili a cikin wani yana da tsada ƙwarai. A 2014 Eli Ben-Sasson da Chiesa da Tromer da Madars Virza suka yi amfani da tagwayen lanƙwasa, MNT4 da MNT6, waɗanda filin tantancewar kowace shi ne filin da'irar 'yar'uwarta, sai a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu. Ta yi aiki, amma samun tsaro mai kyau da su yana bukatar manyan lambobi. Sai da Coda, wani tsarin kuɗin intanet wanda daga baya ya koma Mina, ya kai ga bit 753, abin da ya sa komai ya yi nauyi.

A 2019 Sean Bowe da Jack Grigg da Daira Hopwood suka fito da Halo. Sun lura cewa tantancewa tana da ɓangare mai arha da ɓangare mai tsada, kuma ba dole ne a yi mai tsadar a kowane mataki ba. Ana iya haɗa na yau da na jiya su zama nauyi ɗaya, a ɗage shi zuwa gaba, kamar yadda mai shago ke tara bashin magidanci a layi ɗaya na littafi, a biya sau ɗaya a ƙarshen wata. Mina, wanda ya fara aiki a Maris 2021, da irin wannan dabara a kan tagwayen Pallas da Vesta yake taƙaita tarihinsa duka a kimanin kilobayit 22. Zcash kuwa, wani kuɗin intanet mai rufa asiri, ya ɗauki Halo 2 a Mayu 2022, babban abin da ya samu kuma shi ne rabuwa da bikin kafa mabuɗi, wanda sai an amince cewa aƙalla ɗaya daga cikin mahalarta ya lalata sirrinsa.

Nova, ta Abhiram Kothapalli da Srinath Setty da Ioanna Tzialla, ta fito a 2021, ta kuma kai maganar ɗagewa maƙura. Ba a ma kafa hujja a kowane mataki. Iƙirari biyu ake naɗewa su zama ɗaya mai girman ɗayansu, ta yadda in naɗaɗɗen ya tabbata, to duka biyun sun tabbata. Gani ya kori ji, ɗauko biro mu yi da ƙananan lambobi.

Iƙirari na farko: 3 sau 4 ya ba da 12. Na biyu: 5 sau 6 ya ba da 30. Mai tantancewa zai jefa ƙuri'a ya zaɓi wata lamba, mu ce 7 ta fito. Sai a ninka kowace lamba ta iƙirari na biyu da 7, a tara ta da takwararta ta farko. 3 da 35 sun zama 38. 4 da 42 sun zama 46. 12 da 210 sun zama 222. To, 38 sau 46 shi ne 1748, bai yi kusa da 222 ba, domin ninkawa ba ta bin tarawa sau da ƙafa. Gyaran da Nova ta yi shi ne sassauta siffar iƙirarin, ta ƙara masa lambobi biyu: ma'auni da rara. Sabon iƙirari yana cewa ta farko sau ta biyu daidai take da ma'auni sau ta uku, a tara da rara. Iƙirari na asali ma'auninsa 1 ne, rararsa sifili. Bayan naɗewa ma'auni ya zama 1 da 7, wato 8. 8 sau 222 shi ne 1776. Tsakaninsa da 1748 akwai giɓin 28, rara ta zama −28.

Lura da cewa −28 ɗin nan 7 ne sau −4, shi kuma −4 bai dogara da ƙuri'ar ba ko kaɗan. Daga gicciye ya fito: 3 sau 6 da 5 sau 4 sun ba da 38, 12 da 30 sun ba da 42, bambancinsu −4. Saboda haka mai gaskiya zai iya faɗin wannan lamba tun kafin a jefa ƙuri'a, kuma haka ake tilasta masa ya yi. Yanzu a ce maƙaryaci ne, ya ce 5 sau 6 ya ba da 31. Ta uku za ta zama 229, sau 8 ya zama 1832, giɓin ya zama −84, wato 7 sau −12. In ka bi lissafin za ka ga −12 ɗin −5 ne aka cire masa 7, ƙuri'ar kanta ta shiga ciki. Da 9 ce ta fito, −14 zai bukata. Sai ya san ƙuri'ar kafin a jefa ta zai iya tsira, kuma a aikace ana zaɓo ta ne daga fili mai lambobi kusan 2 a ninka da kansa sau 255.

A da'ira ta gaske sharuɗɗan dubbai ne, a tsarin da ake kira R1CS, mai tantancewa kuma ba ya taɓa lambobin da hannunsa. Hatiminsu kawai yake gani, wato wani kulli na lissafi da ke ɗaure lambobin ta yadda ba za a iya canza su daga baya ba, irin na Pedersen, wanda ke da wata baiwa: in ka tara hatimi biyu, ka samu hatimin jimillar abin da ke cikinsu. Don haka aikin naɗewa a wajensa ninkawa biyu ne a kan lanƙwasa da ɗan hash, wato lissafin da ke matse bayani ya zama gajeriyar lamba mai kama da zanen yatsansa. Wannan ne kawai ake cusawa cikin da'irar kowane mataki, kimanin sharuɗɗa dubu goma, maimakon tantance hujja sukutum. Bambancin da ka tambaya ke nan: sa hujja cikin hujja yana biyan kuɗin kafa hujja da na tantance ta a kowane mataki, naɗewa kuma tana ɗage duka biyun zuwa ƙarshe. SuperNova da HyperNova da ProtoStar da ProtoGalaxy duk sun biyo baya tsakanin 2022 da 2023, suna ba da damar matakai mabambanta ko sharuɗɗa masu sarƙaƙiya, amma jigon ɗaya ne.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Me ke hannunka bayan mataki na ƙarshe? Naɗaɗɗen iƙirari tare da lambobinsa, da kuma iƙirarin matakin ƙarshe tare da nasa lambobin. Mai tantancewa yana buɗe su ne ya duba sharaɗi bayan sharaɗi. Lambobin matakin ƙarshe tsirara suke: sunan wa, nawa ya zuba, nawa ya rage masa. Naɗaɗɗun kuwa gauraye ne na bayanan gaske, kamar yadda 38 ɗinmu 3 ne da 7 sau 5. Gauraye ba ɓoyewa ba ne, ba kuma wanda ya ba ka tabbacin cewa ba za a tsinci komai a ciki ba. In ka tura wa mambobi wannan a matsayin hujja, ka tura musu wani yanki na littafin da kake son rufewa.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, wadda takardar Nova ta kawo, ita ce a ƙarshe ka kafa SNARK guda mai rufa asiri, kamar Spartan na Setty, da ke cewa ka san lambobin da suka cika naɗaɗɗen iƙirarin. Wannan yana gajarta hujjar, yana kuma rufe ta. Ta biyu ta fi burge ni saboda sauƙinta, tana cikin aikin HyperNova: ka ƙirƙiri iƙirarin bogi da lambobin ƙuri'a zalla, ka lissafa rarar da za ta sa ya daidaita, tunda sassautacciyar siffar tana karɓar kowace lamba muddin rara ta cike giɓin, sai ka naɗe iƙirarinka na gaske da shi sau ɗaya. Abin da ya fito ba ya nuna komai game da asali. Ko wacce ka ɗauka, ka buɗe laburaren manhajar da kake aiki da shi ka karanta da idonka. Akwai waɗanda matse hujja kawai suke yi ba tare da lulluɓi ba, akwai kuma waɗanda ke barin hatimin Pedersen ba tare da lambar ƙuri'ar da ke makantar da shi ba, domin ya fi sauri.

Ko ka yi wannan, akwai ƙofofin da hujja ba ta rufewa, kuma a aikinka su na fi jin tsoro. Halin farko, da halin ƙarshe, da adadin matakai, duk a fili suke. In halin littafinka hash ne na jerin asusu ba tare da an gauraya masa lambar ƙuri'a ba, wanda ya san yawancin bayanan zai iya gwada sauran ɗaya bayan ɗaya har ya dace, domin kuɗin ajiya lambobi ne masu sauƙin cinka, dubu biyar, dubu goma. In kuna sanar da jimilla kowane mako, a makon da mutum ɗaya ne kawai ya karɓi lamuni, bambancin jimilla biyu ya faɗi nawa ya karɓa, kowa a unguwa kuma ya san wane ne. Wannan ba lissafi ke gyara shi ba, shawarar me za a sanar da kuma yaushe ce. Sannan mai kafa hujja yana ganin komai. In ka ga kwamfutarku ta gaza ka tura aikin wa wata babbar kwamfuta ta haya a intanet, masu ita sun ga littafin duka. Amfanin gina hujja mataki-mataki ga sirri a nan yake: yana sa aikin ya shiga ƙaramar na'ura, bayanan su zauna a gida.

Akwai kuma abin da hujjar ba ta taɓa cewa ba. Tana cewa lissafi daidai ne a kan abin da aka shigar, ba ta cewa abin da aka shigar gaskiya ne. Ma'ajin da ya ƙi rubuta kuɗin wata baiwar Allah zai samu hujja mai kyau a kan littafin ƙarya. Maganinsa biyu: kowace hada-hada ta zo da sa hannun mamba na lantarki, a duba shi cikin da'ira, sannan kowane mamba ya karɓi 'yar shaidarsa ta bishiyar Merkle, wato tsarin hash mai rassa, da ke nuna asusunsa yana cikin halin ƙarshe da adadin da ya sani. Ka zaɓi kayan aikin da suka dace da da'ira. Duba sa hannun ECDSA irin na Bitcoin a filin da ba nasa ba yana cin sharuɗɗa sama da miliyan ɗaya, alhali EdDSA a kan lanƙwasar da ta dace da filin 'yan dubbai ne. A wajen hash kuma, SHA-256 yana cin dubbai masu yawa, Poseidon 'yan ɗaruruwa.

Game da ingancin tsaro, kada sunayen manyan masana su sa ka saki jiki. A 2023 Wilson Nguyen da Dan Boneh da Setty kansa suka gano ɓaraka a yadda aka aiwatar da Nova a kan tagwayen lanƙwasa. Sun ƙirƙiri hujjar ƙarya cewa an yi zagaye 2 a ninka da kansa sau 75 na wani lissafi mai suna MinRoot, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, hujjar kuma ta wuce. Takardar asali da lanƙwasa ɗaya ta yi bayani, a wajen haɗa biyun ne aka bar wani iƙirari ba a ɗaure shi da sauran ba. An gyara. Kafin nan, a 2018, Ariel Gabizon ya gano kuskure a tsarin hujjar da Zcash ya fara da shi, wanda zai iya ba da damar buga kuɗin jabu ba tare da kowa ya gani ba. An toshe shi a sabuntawar Sapling, aka sanar a Fabrairu 2019. Ita ma ƙuri'ar da muka jefa ɗazu, a aikace ba mutum ke jefa ta ba. Dabarar Fiat da Shamir ta 1986 ake bi, a ciro ta daga hash ɗin duk abin da mai kafa hujja ya riga ya faɗa. In aka manta da abu ɗaya ba a sa cikin hash ɗin ba, maƙaryaci zai ga ƙuri'ar sannan ya gyara abin da aka manta. Kamfanin Trail of Bits ya nuna irin wannan kuskure a laburare da dama a Afrilu 2022. Saboda haka kada ka rubuta naɗewar da hannunka, ka ɗauki wadda aka bincika, ka zuba ƙarfinka wajen tabbatar da cewa da'irarka ba ta bar wata lamba sakaka ba.

Maganar kwamfutar kwantam, wadda ake fargabar za ta karya wasu tsare-tsaren sirri na yanzu, tana zuwa a duk irin wannan zance, bari in taɓa ta kaɗan. Hatimin Pedersen da aka makantar da kyau yana ɓoye abin da ke ciki har abada, komai ƙarfin kwamfuta. Abin da kwantam zai karya shi ne ɗaurin, wato a iya ƙirƙirar hujjar ƙarya nan gaba. Hujjojin STARK, da Ben-Sasson da abokansa suka fitar a 2018, a kan hash kawai suka dogara, LatticeFold na Boneh da Binyi Chen na 2024 kuma yana ƙoƙarin kawo naɗewa kan wani tushe da ake ganin kwantam ba zai rusa ba.

Shawarata ga aikinka ta danganta da hannun da kake da shi. In kai kaɗai ne, ko ku biyu, ka fara duba injunan kwaikwayo irin su RISC Zero da SP1. Da harshen manhaja na Rust za ka rubuta lissafin kamar kowace manhaja, su za su yanka shi gunduwa-gunduwa, su kafa hujjar kowace, su haɗe su biyu-biyu kamar rassan bishiya. Wannan sa hujja cikin hujja ne, ya fi cin ƙarfin kwamfuta, amma ya raba ka da rubuta da'ira, inda yawancin kurakurai ke ɓuya. Su ma ka karanta takardunsu ka ga a wane mataki rufa asiri ke shigowa, domin ba kowace irin hujja da suke fitarwa ce ke da shi ba. In kuwa gwaji ya nuna kwamfutarku ba za ta ɗauka ba, Nova ta dace da kai sosai, tunda aiki ɗaya ne ake maimaitawa. Ka sa hada-hada da dama a kowane mataki don kada sharuɗɗa dubu goman nan na naɗewa su rinjayi aikin gaske. Ka riƙe hujjar tsakiya a na'urar ma'aji kamar yadda kake riƙe littafin kansa, da kalmar sirri da komai. Abubuwa uku ne kawai za su fita zuwa ga mambobi: jimillar shekara, hujjar ƙarshe da aka matse aka lulluɓe, da shaidar Merkle ta kowane mutum, wadda za a tura masa shi kaɗai.